Abin da Inna Za Ta Danna

Talata, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Ba su kira ba.

Ƙanwata Suwaiba ce ta kira daga Azare. Ta ce Inna ta daina yarda da bakin kowa. Ban ga laifinta ba. Kunnenta ya daɗe da yin nauyi, autanmu Sadisu ne kunnenta. In na buga waya shi yake ɗauka, ya tsuguna ta gefen hagunta yana maimaita mata da ƙarfi, har da ƙarin gishirinsa. Tun ranar Alhamis ɗin da motar su Sadisu ta taso daga can ba ta iso nan Jibiya ba, babu mai tsugunawa. Suwaiba tana gidan mijinta da ɗanyen goyo, da hantsi kawai take leƙowa. Maƙwabta kuwa kowa da labarin da yake kai mata, kowa yana sassautawa yadda ya ga dama.

Saƙon da ta ba Suwaiba shi ne: "Ki ce wa yayan Sadisu ya rubuto da hannunsa. Na tsufa ina duba rubutun yara a aji, na san rubutun mai ɓoyo."

Yayan Sadisu. Haka take kirana. Ni ne ɗan fari, ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ban kuma taɓa zama da ita mun yi hira ta wuce gaisuwa ba.

Rubutun waya ya yi wa idonta ƙanƙanta. Suwaiba ta ce ko kwamfuta, mai faɗin fuska. Akwai guda a nan, ta Sadisu, wadda ya bari a zuwansa na baya don a canza mata batir.

Ni ba zan iya tafiya gida ba. Mutumin Farfaru da ke shiga tsakaninmu da waɗanda suka kwashe su a hanya ya ce kada in bar gari, kada kuma in kashe wannan layin ko na ƙiftawar ido.

Laraba, 8 ga Oktoba, da hantsi

Na kai kwamfutar shagon Manu a Magama, bakin iyaka, kusa da inda nake bin takardun motocin hatsin maigidana. Manu mutumin Maraɗi ne, yana gyaran waya da abin da yake kira ordinatar. Ya riga ya sa batir tun tuni, ni ne ban koma ba.

Da ya kunna sai ga Sadisu ya cika fuskar, da rigar ƙwallo, yana dariya. A ƙasa tana neman kalmar sirri. Ban san ta ba. Na gwada biyu, na bari.

Manu ya ce, "Malam Abdulrazak, wagga Windows da ke ciki ta tsuhwa. Watan ga masu ita za su daina kula da ita, sabuwar kuma ba ta hawa wanga inji. Mu goge ta kawai, in sa maka ta kasuwa."

Na ce ba za a goge ba. Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ga masu cajin waya sun juyo.

Ya ce, "Yi haƙuri. Ban yi tunani ba."

Ba laifinsa ba ne. Gogewa sana'arsa ce, kullum yana yi.

Alhamis, 9 ga Oktoba, azahar

Ba su kira ba. Na tsani Alhamis.

Asabar, 11 ga Oktoba, kafin magariba

Na zauna a inuwar wata mota na yi tunanin abin da Inna take buƙata. Ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba. Tana karatu tsaf in rubutun manya ne. Yatsunta lafiya lau, har yanzu tana saƙa. Matsalar ɗaya ce: duk manhajar da za ta tsaya ta yi mata tambaya ta faɗi. In akwati ya fito yana cewa kin yarda ko ba ki yarda ba, sai ta tambayi wani, kuma ni dai ba za ta tambaye ni ba. Za ta rufe ta ne, ta ɗora mata kwano a kai, shi ke nan.

Ta kasuwar da Manu yake sa wa mutane na san halinta. Tana kan kwamfutar ofis ɗinmu, kwafin sata ce, yau ta ce ba ta da rajista, gobe wani talla ya faɗo da mace ba ɗankwali. A ɗakin Inna? Allah ya kiyaye.

Manu ya ce akwai na kyauta, dangin Linux, waɗanda ba sa yi wa tsohon inji nauyi. Ya lissafo sunaye kamar mai kiran fasinja a tasha. Na ce ya rage min su zuwa biyu ko uku, kaina ba zai ɗauka ba.

Sauke su shi ne aiki. Sabis ɗinmu na nan in ya ga dama ya zo. Manu ya ba ni wayarsa mai layin Nijar, ya ce in matsa kusa da shingen duwan, wato kwastan ɗin Nijar, rezo ya fi ƙarfi a can. Na wuni tsaye tsakanin motocin wake da na gero, wayarsa a hannun dama tana saukewa, tawa a hannun hagu ina kallonta. Wani jami'i ya tambaye ni ko ɗaukar hoto nake. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallona, sai ya ce in shigo inuwa. Ashe ya san labarin. Kowa ya sani. Kowa yana min kirki, kuma kirkin nan yana gajiyar da ni fiye da rana.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan azahar

Cikin ukun da ya rage min, ta kamfanin Google ta fita. Komai nata yana son intanet da asusu, wutar Azare da sabis ɗin unguwarmu kuwa na san su. Saura Ubuntu da Mint.

Manu yana son Ubuntu, wai ita ya koya a lakwal, makarantar bokonsu. Na ce ai ba kai za ka zauna gabanta ba.

Litinin, 13 ga Oktoba, da safe

Sun kira. Ba muryarsa ba ce. Na ce a ba shi waya in ji shi, aka kashe.

Na je aiki. Na buga hatimi a inda bai kamata ba, maigida ya gani, ya kawar da kai.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Na ce ba ni ko Manu za mu yanke ba, mu da hannunmu ya saba. Sai na roƙi Iya Fatu mai tuwo, wadda nake cin abinci a rumfarta tun zuwana garin nan. Sa'ar Inna ce, ko ta ɗan girme ta. Manu ya tayar da kowacce daga filashi, ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba.

Ta wanke hannu sosai kamar za ta ɗauki jariri, ta ce, "In ta hwashe ba ruwana, ɗan Azare."

"Ba ta fashewa, Iya."

"Haka mai tukunyar gas ya ce."

Muka fara da Ubuntu. Ta riƙe linzamin kwamfutar da yatsa biyu kamar mai kama kunama. Na ce ta nemo inda ake kashewa. Ta zaga, ta zaga, ta buɗe wani abu da ya baje mata gumaka cike da fuska, ta saki linzamin.

"Wanga kasuwar Lahadi ce. Mi zan saya?"

Manu ya ce sabo ne kawai, kwana biyu za ta iya. Gaskiyarsa, ba muguwar manhaja ba ce. Amma wa zai zauna da Inna kwana biyun?

A Mint ta ga maɓalli guda a kusurwar ƙasa, ta danna, ga alamar kashewa a fili. Ta kashe, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To? Sai a ba ni aikin gwamnati."

Abin da ya gagare ta a duka biyun shi ne danna sau biyu da sauri. Tana dannawa, ta huta, ta sake. Manu ya ce ana iya mayar da shi sau ɗaya.

Na zaɓi Mint. Na yi dariya yau, sai kuma na ji kamar na ci amana.

Laraba, 15 ga Oktoba, azahar

Mun zo saka Mint, ta tsaya ta yi tambayar da nake gudu: a shafe duk abin da ke cikin faifan ajiya?

Na zauna ina kallon tambayar. Manu ya ce ana iya ajiye su gefe da gefe, amma duk kunnawa sai ta tambayi wacce ake so. Tambaya ke nan. Kuma in Inna ta kuskure, fuskarsa ce za ta fito tana dariya, tana neman kalmar da babu wanda ya sani.

Ya je ya sallami wani mai waya. Da ya dawo sai ya kife kwamfutar, ya kwance ƙusoshi, ya zaro faifan gaba ɗaya. Ɗan abu ne, bai kai tafin hannu ba. Ya naɗe shi a leda ya miƙo min, ya lalubo wani a cikin kwalin tarkacensa ya sa.

"In ya dawo, ka kawo in mayar mishi. Komi nashi na nan yadda ya bar shi."

In ya dawo. Shi kaɗai ya faɗi haka a makon nan ba tare da ya kawar da ido ba.

Faifan yana aljihun gaban rigata.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan masallaci

Na gama shirya ta. Tana kunnuwa kai tsaye, babu kalmar sirri. Na ƙara girman rubutu har layi ɗaya ya kusa cika fuska. Kibiyar linzami ta zama kamar kan mashi. Dannawa sau ɗaya. Na hana ta damun mutum da sanarwa. Na kwashe komai daga fuskar, na bar abu guda a tsakiya, wanda in an danna zai buɗe wurin saƙo.

Don kada ta ruɗe, na sa hotona a kai, babba, na rubuta ABDULRAZAK a ƙasa. Ko makaho ya san inda zai danna.

Na nuna wa Iya Fatu. Ta kalla, ta ce, "Kai ne wanga? Ka hi ƙiba a da." "Tsohuwar taka za ka kai ma haka? In ni ce dai..." Wasu direbobi suka shigo suna neman miya, ta tashi. Ban tsaya ba, ina sauri.

Nagoggo direba zai bi ta Azare da lodi gobe. Na naɗe kwamfutar da bargo tare da 'yar na'urar intanet, ya sa ta bayan kujerarsa. Na tsaya har na ga ya kulle ƙofa. Hanyar dai ita ce hanyar.

Asabar, 18 ga Oktoba, magariba

Ba su kira ba. Nagoggo ya wuce Kano lafiya.

Litinin, 20 ga Oktoba, da hantsi

Kwamfutar ta isa. Suwaiba ta haɗa ta da layin Inna, ta nuna mata maɓallin kunnawa da inda za ta danna. Ta ce Inna ta gyaɗa kai kawai.

Na zauna rubuta saƙon farko. Me mutum yake rubuta wa uwar da bai taɓa yi wa doguwar magana ba? Na rubuta, na goge, na rubuta. Abin da ya tafi shi ne gaisuwa, da cewa ana nan ana ƙoƙari, a ci gaba da addu'a.

Alamar isa ta fito. Ta karantawa ba ta fito ba.

Talata, 21 ga Oktoba, la'asar

Ba ta buɗe ba. Ba su kira ba. Yanzu abu biyu nake jira a waya ɗaya.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan azahar

Na je na sauke wa Manu fushina. Na ce da na bar Windows ɗin da kowa ya sani, da ko yaron maƙwabta ya taimaka mata. Na ce sun sa ni na aika wa tsohuwa abin da babu wanda ya taɓa gani a unguwar. Ya bar ni na gama.

"Suwaiba ta ce ba ta kunnuwa?"

"Tana kunnuwa."

"Rezo hwa?"

"Akwai."

"To ba injin ba ne, Malam."

Na san ba injin ba ne. Shi ya sa nake faɗa da injin.

Wurina Sadisu yake tahowa ranar nan. Kowa ya san wannan, babu wanda ya furta. Ta ce in rubuto, na rubuto, ta ƙi dubawa. Ina ganin amsar ke nan. In haka ne ma ban ce ta yi zalunci ba. Ɗa biyu maza gare ta, wanda ya rage shi ne wanda ba ta iya kallo.

Asabar, 25 ga Oktoba, da safe

Mutumin Farfaru ya zo. Bai zauna ba, bai karɓi ruwa ba. Mutum biyu sun fito. Ba ya cikinsu.

Na je na ga ɗaya a inda aka kwantar da shi. Ƙafafunsa kawai na iya kallo. Ya san Sadisu, ya ce shi ne mai ba su dariya a kwanakin farko. Ya faɗa min yadda ya bar shi ranar da aka tashe su zuwa wani wuri.

Ba zan rubuta a nan ba.

Asabar, magariba

Na aika wa Inna: an samu labari, ana nan ana ƙoƙari. Suwaiba ma haka na ce mata. Ban ci komai ba yau. Iya Fatu ta aiko da kwano, yana nan a rufe.

Litinin, 27 ga Oktoba, da hantsi

Na kira Suwaiba na ce ta naɗe kwamfutar, Nagoggo zai biyo ya karɓa. Tunda ba a so, kada ta tare wuri.

Ta ce, "Yaya, wa ya ce ba a so?"

"Mako guda ba ta taɓa ba."

"Kullum sai ta taɓa. Da kanta take kunnawa, tun kafin in iso. Jiya na tarar da ita zaune a gabanta da tabarau, tana ta zagaya kibiyar nan. Ta kai ta kusa da kai, ta janye. Ta kai, ta janye."

"To me ya hana ta?"

Ta yi 'yar dariyar da take yi in za ta yi min rashin kunya. "Yaya, fuskarka ce fa, kamar ta ɗan takara. Ga sunanka ɓaro-ɓaro a tsakiyar ɗakinta. Ranar da Hasiya maƙwabciya ta shigo, da mayafi ta rufe ta. Matar da ko a asibiti aka tambaye ta sunan ɗanta na fari sai da ta waiwayo ta ce in faɗa, ita ce za ta sa yatsa a kan sunanka, a kan goshinka, mutane na shige da fice?"

Na ce me ya sa ba ki faɗa min ba tun farko.

"Ni ma sai jiya na lura. Kuma kai in ka kira ba ka barin mutum ya yi magana, sai tambayar sabis da caji."

Gaskiya ne. Na tuna Iya Fatu da maganar da ba ta ƙarasa ba. Na cire wa Inna duk tambayar da inji zai yi mata, na kafa mata wadda ta fi su duka nauyi da hannuna.

Na koya wa Suwaiba yadda za ta cire hoton, ta sa koren ganyen da ya zo da manhajar. Sai ta ce, "Sunan fa? Me zan rubuta? Sai na canza a wayarta ma, don daga can sunan yake fitowa."

Na ce ta sa Jibiya.

"Ba ta son jin sunan garin nan yanzu."

Ina jin jaririnta yana tsotso.

Ta ce, "Ka san dai yadda take ce maka."

Na sani. Kuma na san in an rubuta shi, sunansa ne zai zauna a tsakiyar fuskar, da manyan baƙaƙe, duk safiya. Na ce ba zai yi mata nauyi ba? Ta ce, "Sunan da take kwana da shi a baki?"

Na ce rubuta.

Talata, 28 ga Oktoba, da safe

Alamar karantawa ta fito. Duka saƙonnin, tun daga na farko. Ina tsaye a gindin wata motar masara lokacin.

Ba ta amsa ba.

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan azahar

Da hantsi waya ta nuna tana rubutu. Ya ɗauke, ya dawo, ya ɗauke. Na san da yatsa ɗaya take neman kowane harafi. Na bar layin motoci na koma bayan shagon Manu na zauna a kan benci. Da saƙon ya iso, ga abin da ya ce:

"Yayan Sadisu na karanta duka. Rubutun nan an yi masa gyara da yawa. Rubuto wanda ka goge."

Na daɗe riƙe da wayar. Babu Sadisu da zai ƙara gishiri, babu maƙwabciya da za ta sassauta. Abin da ta nema ke nan tun farko, ni kuma abin da na wuni a rana ina saukewa ke nan, ban sani ba.

Na rubuta mata. Kiran da ba muryarsa ba, mutum biyun da suka fito, da abin da mai ciwon ƙafa ya gani da idonsa, da abin da bai gani ba, don shi ma yana da muhimmanci. Ban gyara ko kalma ɗaya ba. Na ƙara da cewa kayansa na cikin kwamfutar suna wurina, ban bari an goge ba.

Ta karanta nan take. Sai shiru, har aka kira azahar. Na yi salla da waya a gaban dardumata, Allah ya yafe min.

Ina sallamewa ta fara rubutu. Wannan karon bai ɗauke ba.

"Na gode da ba ka rage ba. Ba kai ka tare hanya ba. Ka zauna inda aka ce ka zauna. Ka ci abinci."

Laraba, magariba

Ba su kira ba. Layin yana kunne, faifan yana aljihu.

Na mayar wa Iya Fatu kwanonta, na zauna a bencin, na ce ta zuba.